Darasi Na 17: Jirgi Ya Tsaya A Las Palmas

Jama'a, darasinmu na yau zai kai mu nesa, amma bari mu fara da abin da kowa ya sani. Wa bai san kanari ba? Ɗan tsuntsun nan ne mai ruwan ɗorawa a ƙirji, wanda yara ke kamawa su sa a kejin kara, su rataye a zaure saboda daɗin kukansa. To, sunan nan ba a Nahuce aka raɗa shi ba, ba kuwa a Gusau ba. Sunan waɗansu tsibirai ne. A can ne Turawa suka fara samun irin tsuntsun, suka kai shi ƙasashensu, suka kira shi da sunan wurin. Namu na nan ɗan'uwansa ne, shi ya sa ya gaji sunan.

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ku dubi taswirar da malam ya kafa a bango. Ku sa yatsa a kan Nijeriya, ku bi bakin teku yamma, ku wuce Gana da Saliyo da Senigal, sa'an nan ku yi arewa har kusa da Maroko. Can cikin ruwa za ku ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige. Su ne Tsibiran Kanari. Manyansu guda 7 ne. Wanda ya fi kusa da Afirka tsakaninsa da gaɓa kilomita 100 ne ko kusa da haka. Duk da wannan kusanci, ƙasar Sifen ta Turai ita ke da su, Sifaniyanci kuma ake yi a cikinsu.

Birnin da ya fi girma a tsibiran shi ne Las Palmas. Ku lura da harafin nan P. Ba mu cika amfani da shi a Hausa ba. Ku rufe leɓe ku buɗe, kamar za ku ce F. Ma'anar sunan kuwa itatuwan dabino, domin akwai wani ɗan'uwan dabino da ya yi yawa a wurin, ko da yake 'ya'yansa ƙanana ne, ba su da nama kamar na Agadas.

Jirgin Ikko

Me ya haɗa mutumin Nahuce da Las Palmas? Hanya ce ta haɗa su. Tun 1929 dogo ya ratsa Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda. Gyaɗa da auduga da kakanninmu suka noma, a jirgin ƙasa aka riƙa kwashe su zuwa Ikko, watau Legas. Daga can a zuba su cikin jirgin ruwa zuwa Ingila. Mutane ma ta nan suka riƙa bi: sarakuna, da ma'aikatan En'e masu zuwa kwas, da ɗalibai.

Kamfanin Elder Dempster shi ke da jiragen fasinja da wasiƙu na wannan hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana da guda 3: Accra, da Apapa, da babbansu Aureol, wanda ya fara aiki a 1951. Aureol fari ne fat, bututun hayaƙinsa ruwan ɗorawa. Jirgi ya tashi daga Apapa a Ikko, sai ya tsaya a Takoradi ta Gana, ya tsaya a Firitawun ta Saliyo, ya tsaya a Las Palmas, kana ya miƙe sai Libaful ta Ingila. Tafiyar duka kamar mako 2 ce. A Las Palmas jirage kan sha mai, su ɗebi ruwa da kayan abinci. Kafin a gama wannan, sai a ba fasinja izini su sauka su miƙe ƙafa, su ga gari. Ba kwana za a yi ba. 'Yan awoyi ne, ƙidayayyu.

To, mu ƙaddara muna cikin shekarun nan na 1960. Mu ƙaddara kai ne, ɗan ajin nan, ka ci jarrabawa, ka karɓi takardar shaidarka ta yaƙi da jahilci. Wani hakimi zai tafi Ingila, ya ce ka raka shi, domin ka iya rubuta wasiƙa. Tare da ku akwai wani dattijo, tsohon baransa. Dattijon ya yi karatun allo, yana rubuta ajami, ya san raƙumi, ya san ciniki, amma bai san boko ba ko harafi ɗaya. Kana ce masa Baba, shi kuwa yana ce maka yaro.

Kun yi mako guda a kan ruwa. Ran 5 ga Janairu da safe kuka hango duwatsu baƙaƙe, da fararen gidaje a gindinsu. Hakimi ya ce shi kam ba ya sauka, teku ta wahalshe shi, kansa na juyawa. Ya ba Baba kuɗi ya ce a sayo masa rediyo. Ya ce maka, "Ka kula da dattijon nan." Ya ce wa Baba, "Ka kula da yaron nan."

Allon bakin tsani

A bakin tsanin da ake sauka an jingina wani baƙin allo, irin na ajinmu. An yi rubutu da alli a kai. Turanci ne, kai kuwa ba ka jin Turanci. Amma ka ga lamba 8, ka gane ta. Ka tambayi wani ma'aikacin jirgi mai jin Hausa, ya ce, "Ƙarfe 8 na dare jirgi zai tashi. Kowa ya dawo tun kafin nan. Wanda ya makara, ya makara."

Ku riƙe wannan. Motar kasuwa takan jira fasinja. Direba ya san ka, ya san ubanka, sai ya aika yaron mota ya kirawo ka. Jirgin ruwa ba haka yake ba. Yana ɗauke da ɗaruruwan mutane da wasiƙun gwamnati, kuma wani jirgin na jiran ya shiga gurbinsa a kwata. In lokaci ya yi, a janye tsani, a kwance igiyoyi, shi ke nan. Wanda aka bari ya zauna a ƙasar da bai san kowa ba, ba ya jin harshensu, kayansa kuma sun tafi Ingila. Jirgin kamfanin na gaba sai bayan kwanaki da yawa.

Sai ka ciro fensir da takarda. Ka dubi gaban jirgi, ka kwafi sunansa da manyan baƙaƙe: AUREOL. Ka dubi ƙofar tasha, ka kwafi abin da aka rubuta: PUERTO, watau tashar jiragen ruwa. Ƙarƙashi ka sa lamba 8. Ka yi biyu, ka riƙe ɗaya, ka ba Baba ɗaya.

Baba ya yi dariya ya ce, "Yaro, laya ka rubuta mini? Ni da na je Agadas da ƙafa ban ɓace ba, sai a ɗan garin nan?"

Ka ce, "Baba, ka dai sa a aljihu. Ba ta da nauyi."

Ya naɗe ta ya cusa cikin hula.

Akwai wani abu kuma game da agogo. A watan Janairu agogon Las Palmas yana bayan na Nijeriya da awa 1. In ƙarfe 8 ta yi a can, a Nahuce ƙarfe 9 ce. Dalili kuwa, suna yamma da mu, rana na riga fito mana kafin ta fito musu. Saboda haka matafiyi ya daidaita agogonsa da na jirgi kafin ya sauka. Har wa yau a Sifen sukan rubuta lokaci daga 1 zuwa 24. In ka ga 20.00, sai ka ɗebe 12, saura 8, watau ƙarfe 8 na dare. In ka ga 15.00, ƙarfe nawa ke nan? Ku lissafa.

Cikin gari

Tun ba ku sauka ba, ƙananan kwale-kwale suka kewaye jirgi. 'Yan tireda ne na kan ruwa. Suna ɗaga kaya sama suna ihu: mayafan tebur masu surfani, da taba, da 'yar tsana, da kanari cikin keji. Baba ya ce, "Ashe ko'ina akwai 'yan koli."

Kuna fita tasha kuka shiga wani fili mai itatuwa da kujeru, ana kiransa Santa Katalina. Nan matafiya ke fara tsayawa. Kekunan doki na jere suna jiran fasinja. Kewaye da filin kantuna ne, da yawa na Indiyawa, cike da agogo da rediyo da tabarau da turare. Kaya na da sauƙi a nan, domin tun 1852 gwamnatin Sifen ta sauƙaƙe kuɗin fito a tashoshin tsibiran, don jirage su riƙa tsayawa. Kuɗinsu a lokacin sunansa feseta. A 2002 aka daina amfani da shi, aka koma yuro.

A nan Baba ya nuna gwaninta. Ba ya jin Indiyanci, Ba'indiye ba ya jin Hausa. Ba'indiye ya rubuta kuɗin rediyo a takarda, kai ka karanta wa Baba. Baba ya girgiza kai, ya kama hanyar ƙofa. Aka kirawo shi. Aka rubuta wata lamba. Ya sake girgiza kai, ya ɗaga rediyon ya duba gindinsa kamar mai duba haƙoran doki. Sai a karo na huɗu ya ce, "Yaro, gaya masa na saya." Da kai kaɗai ne, da lambar fari ka biya. Da shi kaɗai ne kuwa, da bai san ko lambar ta ragu ko ta ƙaru ba.

Daga nan kuka nemi motar zuwa tsohon gari, wanda ke kudu da tasha kamar kilomita 5. Mutanen tsibiran suna kiran bas guagua. In sun faɗa, sai ka ji kamar sun ce agwagwa. Baba ya ce bai taɓa tsammanin zai hau agwagwa da furfurarsa ba.

Kana zaune bakin taga, sai ka ga abin mamaki. Kana iya karanta rubutun bango! Baƙaƙen da malam ya koya maka a gindin ƙirya su ne waɗannan. Wasulan Sifaniyanci guda 5 ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke faɗinsu haka su ma suke faɗi. Ba ka san ma'ana ba, amma ido na nuna maka. Inda aka rubuta PAN, burodi ake sayarwa. Inda aka rubuta MERCADO, kasuwa ce. Ƙofar da mutane ke shiga an sa ENTRADA, wadda suke fita an sa SALIDA. A kusurwar kowane titi akwai CALLE, sa'an nan sunan titin. Ka riƙa kwafe su a takardarka, domin ka san hanyar komowa.

Akwai kalmomi biyu da Musulmi zai so ya sani a Sifen: CERDO, watau alade, da JAMON, watau busasshiyar cinyarsa, wadda ake ratayewa a kantuna jere-jere. Mutanen ƙasar suna cinsa ƙwarai. Ka nuna wa Baba, ya kau da kai. A kasuwa kuka sayi burodi da ayaba da lemo. Ayabarsu gajeriya ce, mai zaƙi. Ita da tumatir su ne amfanin gonar da suka fi aikawa Ingila a zamanin.

A kasuwar nan ne Baba ya tsaya gaban wani buhu ya shinshina. Gari ne, mai ƙanshin gasasshen hatsi. Sunansa gofio. Alkama ko masara ko sha'ir ake soyawa a niƙa. A dama shi da madara, ko a cuɗa da ruwa a dunƙula. Baba ya ɗanɗana ya ce, "Wannan ai guzurin Buzaye ne. Mutanen nan sun san hamada." Bai yi kuskure da yawa ba, kamar yadda za ku ji.

Tsohon gari

Tsohon garin sunansa Begeta, su suna rubuta shi Vegueta. Nan sojojin Sifen suka kafa sansani ran 24 ga Yuni 1478, daga sansanin birnin ya tashi. Ba kango suka tarar ba. Akwai mutane a tsibirin tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwansu, masu kiwon awaki da noman sha'ir, waɗansu na zaune cikin kogunan dutse. Asalinsu daga Arewacin Afirka ne, dangin Buzaye ta wajen harshe da jini. Su ne masu gofio na fari. Sun yi shekara 5 suna yaƙi, a 1483 aka ci su. Waɗansu aka kashe, waɗansu aka sayar, saura suka narke cikin baƙin. Bayan haka aka shuka rake, aka kawo bayi daga Afirka su yi aikinsa. A unguwar akwai gidan kayan tarihi da aka kafa a 1879, inda aka ajiye tukwanensu da duwatsun niƙansu, har da ƙasusuwansu cikin akwatunan gilashi. Baba ya leƙa ɗakin ƙasusuwan ya fito da sauri. Ya ce mamaci kabari ya kamace shi. Ni ma ra'ayina ke nan.

Titunan Begeta ƙanana ne, an shimfiɗe su da dutse. Gidajen na da baranda ta katako, da tsakar gida mai rijiya da inuwa, ba a ganin ciki daga waje, kamar gidajenmu. A tsakiyar unguwar akwai babbar majami'a ta baƙin dutse mai hasumiya 2, sunanta Santa Ana. An fara gininta wajen shekarar 1500, aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi ana tsayawa. Gabanta akwai dandali, da gumakan karnuka na ƙarfe, yara na hawansu. An ce sunan Kanari daga kalmar kare ya fito cikin Latin, harshen Rumawan dā. Kun ga ke nan, kare ya ba tsibiri suna, tsibiri ya ba tsuntsu.

Bayan majami'ar akwai gidan da ake kira Gidan Kolombus. A 1492 Kolombus ya taso daga Sifen da jirage 3, yana neman hanyar Indiya ta yamma. Abin juya akalar ɗaya daga jiragen ya lalace, ya tsaya a tsibirin nan aka gyara. Daga Kanari ya miƙa cikin teku, ya je ya faɗa Amurka, wadda Turawa ba su san da ita ba. Cikin wannan shekara kuma Garnaɗa ta faɗi, watau birni na ƙarshe da Musulmi ke mulki a Sifen, ƙasar da littattafan malamanmu ke kira Andalus. Sun shiga ta a 711. Mulkinsu bai kai Kanari ba, amma kalmominsu sun kai, cikin bakin Sifaniyawa. Suna ce wa sukari azúcar. Suna ce wa magajin gari alcalde, wanda tushensa ɗaya da alƙali namu. Dukkansu daga Larabci ne. Da ka gaya wa Baba, sai ya ce, "Ashe ba baƙi ba ne mu sosai."

Azahar ta yi. Kantuna suka rufe, aka rataya CERRADO a ƙofofi, watau an rufe. Al'adarsu ce su tafi cin abinci da hutawa da tsakar rana, sai wajen la'asar su buɗe. Kuka sami famfo kuka yi alwala. Kai ba ka san gabas ba, gidaje sun rikita ka. Baba ya dubi rana, ya dubi inuwarsa, ya nuna wajen teku. Daidai ne. Daga Las Palmas alƙibla kusan gabas ce sak. Kuka shimfiɗa rawani a wani lungu kuka yi salla.

Daren Sarakuna

Tun safe kun lura gari na cikin ado. An ja fitilu masu launi a kan tituna. Iyaye na ta sayen kayan wasan yara. Ga dalili. Kirista suna bikin Kirsimeti ran 25 ga Disamba, domin tunawa da haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salamu. A Sifen bikin ba ya ƙarewa sai 6 ga Janairu, ranar da suke kira Ranar Sarakuna. A wajensu, waɗansu masana 3 sun zo daga gabas su ga jaririn, suka kawo masa zinariya da lubban da mur. Saboda haka a wannan rana ake ba yara kyauta, kamar yadda muke ba namu barka da Salla. Daren 5 ga wata yaro zai ajiye takalminsa inda za a gani, ya kwanta. Da safe ya tarar da kyautarsa. Mai ƙiriniya kuwa akan tsorata shi, a ce gawayi Sarakuna za su bar masa.

Da maraicen 5 ga wata ake yin hawa. Mutum 3 su yi shigar sarakuna, da alkyabba da kambi, a zaga gari da su. A Las Palmas ta teku suke isowa, tun da garin na bakin ruwa ne. To, kun faɗo daidai ranar.

Bayan la'asar kuka shiga titin Triana, babban titin kantuna. Jama'a ta cika shi maƙil. Can sai kuka ji ganguna da ƙahoni. Yara suka hau wuyan iyayensu. Ga 'yan rakiya cikin tufafi masu ƙyalli, ana watsa alewa, yara na wawa. Sai ga raƙuma! Baba ya manta da gajiya. Raƙuman tsibiran daga Afirka aka kai kakanninsu, a zamanin manoma na huɗa da su. Ya ce, "Yaro, dubi na tsakiyar nan. Ya ƙoshi, amma mai jansa bai iya ba." Ɗaya daga sarakunan baƙi ne, domin sun ce daga Afirka ya zo. Baba ya ƙura masa ido ya ce, "Wannan Bature ne aka shafa wa shuni. Dubi wuyansa." A garuruwan Sifen da yawa haka ake yi a zamanin.

Hawa ne sosai, amma ba ya kama ƙafar hawan Salla. Ba dawaki masu lifidi, ba jafi, ba bindiga. Na yara ne, kuma yaran sun ji daɗinsa.

Ka sunkuya ka ɗauki alewa ɗaya. Ka ɗago, ba Baba.

Ka duba dama, ka duba hagu. Ka kira, ganguna sun danne muryarka. Ya bi raƙuma, jama'a ta raba ku. Magariba ta yi, fitilu sun kama, kowane titi ya zama kamar ɗan'uwansa. Ka dubi agogon wani kanti: ƙarfe 6 da rabi. Saura awa 1 da rabi, tasha kuma na da nisan kilomita 5, ga hawa ya tare hanyar bas.

Ka yi minti 20 kana nema. Me za ka gaya wa hakimi? In ka tsaya, ku biyu za a bari. In ka tafi, ka bar dattijo a ƙasar da ba mai jin maganarsa. Ka yanke shawara ka koma jirgi ka gaya wa ma'aikata, ko za su aika 'yan sanda. Ka ciro takardarka, ka bi sunayen titunan da ka kwafa, ɗaya bayan ɗaya, har ka fita daga cunkoso. Ka sami tasi, ka nuna wa direba PUERTO. Ƙarfe 7 da rabi kana bakin tsani, zuciyarka na dakan uku-uku.

Ƙarfe 8 saura kwata jirgi ya yi kuka, kuka mai girgiza ƙirji. Ma'aikata suka fara kama igiyoyin tsani. Sai ga keken doki a guje. Baba na zaune a baya, ya rungume rediyon hakimi, hularsa a hannu.

Da ya huta ya ba ka labari. Ya ce da ya ga ba ka, ya tare mutum 3 ya ce musu "jirgi", suka ɗaga kafaɗa. Ya rubuta sunan jirgin da ajami a tafin hannu, ba wanda ya iya karantawa. Ya san tasha na arewa, amma tashar babba ce, jirage sun fi a ƙirga, wanne ne nasa? Sai ya tuna da hula. Ya miƙa wa wani ɗan sanda takardar. Ɗan sanda ya karanta, ya dubi agogo, ya kama hannunsa ya ratsa jama'a da shi, ya sa shi a keken doki, ya daka wa mai keken tsawa.

Baba ya ce, "Yaro, kafin mu kai Ingila kwana nawa?"

Ka ce, "Kamar 5, Baba."

Ya ce, "To, gobe bayan asuba ka kawo fensirin nan. Mu fara da baƙaƙen da ke cikin hulata."

Abin da ya biyo baya

Jirgin sama ya kashe kasuwar jiragen nan. An sayar da Accra da Apapa kafin 1970. Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974. Tsohon sito na Elder a filin Santa Katalina an mai da shi gidan nuna kayan kimiyya a 1999, sunan Elder na nan a jikinsa. Yanzu mutanen Las Palmas sun kai wajen 380,000. Manyan jiragen da ke tsayawa da fasinja a can na masu yawon shaƙatawa ne, galibi Turawa masu gudun sanyin ƙasashensu. Jirgi ɗaya kan ɗauki dubban mutane. Su ma sukan sauka da safe, su ga Begeta da Gidan Kolombus, su yi wanka a bakin teku, su koma kafin lokacin da aka rubuta musu. Su ma in sun makara ba a jiransu. Ɗan Nijeriya kuwa ba ya shiga garin yau sai da fasfo da biza.

Akwai masu bin hanyar ba tikiti, ba takarda. A watan Nuwamba na 2022 wani jirgin dakon mai ya iso Las Palmas daga Legas. Aka tarar da mutum 3 zaune a kan ƙarfen juya akalarsa, can baya, ƙafafunsu na reto dab da ruwa. Kwana 11 suka yi a hanya. Da ƙyar suka rayu, asibiti aka wuce da su. Waɗansu kuma kwale-kwalen masunta suke shiga daga Senigal da Gambiya da Muritaniya. A 2024 kaɗai fiye da mutum 46,000 suka isa tsibiran ta haka. Da yawa ba su isa ba, teku ta cinye su, iyayensu ba su ga ko gawa ba.

Aikin aji

Kowa ya ɗauki takarda ya rubuta sunansa, da sunan garinsu, da gundumarsu, da manyan baƙaƙe, yadda baƙo zai iya karantawa. Sa'an nan ku amsa waɗannan:

1. Jirgi zai tashi 19.00. Ƙarfe nawa ke nan?
2. In ƙarfe 2 ta yi a Nahuce cikin Janairu, ƙarfe nawa ce a Las Palmas?
3. Waɗanne abubuwa ne Baba ya sani waɗanda yaron bai sani ba?
4. Rubuta wa hakimi gajeriyar wasiƙa, ka gaya masa Baba ya ɓace, da inda ka gan shi a ƙarshe.